Ta Fito In Gan Ta

"Gobe?! Salissou, gobe fa ka ce?"

"Gobe da hantsi, in Allah ya kai mu."

"Kai da bakinka ka ce mini sai wani satin Inna za ta taso daga Maraɗi!"

"Lamarin ya sake, Nazifa. Ta riga ta iso, kuma gobe bayan azahar za mu kama hanya in maida ta gida. In ba ta gan ki gobe ba..."

Bai ƙarasa ba, ni ma ban buƙaci ya ƙarasa ba. Tun ranar da ya fara zuwa ƙofar gidanmu ya faɗa mini gaskiya: shi kaɗai ne namiji a wurin mahaifiyarsa, kuma ba zai ɗaura aure da kowace mace ba sai ta gan ta ta sa albarka. Babana ma, da yake dillalin shanu ne a kasuwar Oko-Oba a nan Legas, cewa ya yi ba a cinikin biri a sama, uwar yaro ta zo ta ga yarinya tukuna.

"Don Allah ka roƙe ta ta ƙara ko kwana biyu ne," na ce.

"Ba za ta ƙara ba. Mi ya hwaru ne, hasken idona? Ko ba ki son ganinta?"

"Ina so mana!"

"To dakor, shi ke nan, sai goben."

Ya kashe wayar ya bar ni zaune a cikin duhu, da rana tsaka, taga a rufe da labule da zanin Mama a kai. Fuskata kuwa tana raɗaɗi kamar an shafa mata barkono.

Bari in faɗa muku yadda aka yi na jefa kaina a wannan rami.

Tun ina aji biyu a sakandare ƙuraje suka yi sansani a fuskata suka ƙi tashi. Ba irin guda biyu ko ukun da 'yan mata ke yi wa kuka ba, a'a, nawa har hawa kan juna suke yi. A makaranta Magogi ake ce mini, wai in an rasa magogin kuɓewa a aro kumatuna. Babu abin da ban shafa ba. Sabulun salo, lemun tsami, zuma, man da wata mata ke sayarwa a motar haya ta danfo tana rantsuwa da kabarin ubanta, duk na gwada. Ƙurajen nan sai ka ce abinci nake ba su.

A danfo ma muka haɗu da Salissou, muna dawowa daga Ilupeju, ni daga kamfanin biskit da nake aiki, shi daga siton da yake gadi. Kwandasta ya dube ni ya yar da magana da Yarbanci a kan fuskata, yana zaton ban ji ba. Ni da aka haifa a Agege! Na wanke shi tas da yarensa har fasinjoji suna tafi. Salissou bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya fi kowa dariya. Da muka sauka ya biyo ni ya ce, "Ban san mi kika ce mai ba, amma Allah ya sa kar ki taɓa ce mini shi."

Tun daga ranar bai taɓa yi mini zancen ƙuraje ba, ko da wasa. Na yarda shi ba ya ganinsu. Amma uwa fa? Uwa mai ɗa ɗaya, wadda za ta taso daga wata ƙasa musamman don ta ƙare mini kallo?

Shi ya sa da wata abokiyar aikina ta ba ni labarin asibitin fata da ake maganin ƙuraje da haske, ban yi shawara da kowa ba sai Mama. Da safen ranar da muka yi wayar nan na je. Likitar ta shafa mini wani magani a fuska, aka bar shi ya ratsa fata, sannan aka rufe mini ido da baƙin tabarau aka kunna mini wata jar fitila dab da fuskata. Ta ce maganin shiga yake cikin ramukan da ke fitar da maiƙo, hasken kuma ya tashe shi ya ƙone su tare da ƙwayoyin cutar. Na cije leɓe na daure, ina ce wa kaina zafin yau ne kawai.

Da za ta sallame ni sai ta riƙe hannuna.

"Saurara da kyau. Fuskar za ta yi ja, za ta kumbura, daga baya ta yi saɓa. Duk wannan ba komai ba ne. Amma kwana biyu kada rana ta taɓa ki, ko ta taga ce. Maganin yana nan a fatarki, in ya ga rana ci gaba zai yi da aiki, ya ƙone ki. Irin fatarmu kuma in ta ƙone baƙin tabo take bari, wani ba ya fita."

Na yi lissafi na ga kafin wani satin na warke sumul. Ashe lissafin dokin rano na yi.

Mama ta shigo ta same ni ina kuka. Ko hawayen ma ba su bar ni ba, duk inda suka bi sai ya yi zugi.

"Ke kuma lafiya?"

"Gobe za ta zo, Mama."

"Wa?"

"Inna Iyatu... mahaifiyar Salissou."

Mama ta dafe ƙirji ta zauna a bakin gado. Ta haska ni da fitilar waya, ta yi saurin kashewa.

"Innalillahi! Nazifa, kin ga fuskarki kuwa? Kamar an fito da ke daga tukunya!"

"Mama, ki daina mana!"

"To ai kwana biyun likita magana ce. Kowa ma yana cewa kwana biyu. Ki fita ki gaishe ta ki dawo, sebi shi ke nan?"

"Ba irin kwana biyunmu ba ne, Mama. Nata na ƙirge ne."

"To mu faɗa mata gaskiya."

Ita da kanta ta girgiza kai tun kafin in amsa. Tsohuwa daga Maraɗi, a ce mata an je an gasa fuskar yarinya da fitila? Cewa za ta yi bilicin nake yi ya ƙone ni, ko kuwa wata muguwar cuta muke ɓoyewa.  A ƙarshe muka tsayar da shawara ɗaya: za a ce ba na jin daɗi, a shigo da baƙuwa ɗaki, mu gaisa a cikin duhu.

Gidanmu irin gidan hayar Legas ne, ɗakuna suna kallon juna, dogon lungu a tsakiya, sai ɗan fili a gaba inda ake shanya. Ɗakinmu ne na farko, tagarsa tana kallon filin. Da hantsi na ji sallamar Salissou, na ɗan ɗaga gefen labule da yatsa.

Doguwa ce, siririya, cikin shuɗin lufaya, kanta a miƙe. Salissou yana riƙe da gwiwar hannunta. Har kan tabarmar da Mama ta shimfiɗa a gindin katanga ya kawo ta, ya zaunar da ita, ya gaida Mama a durƙushe, sannan ya koma waje. Na ce a raina, ka ga ɗa mai ladabi.

Suka gaisa da Mama, gaisuwa mai tsawo. Mama ta ajiye mata ruwa da kwanon fura a gabanta. Ko kallon kwanon ba ta yi ba.

"Yaya, bismillah mu shiga daga ciki," in ji Mama. "Yarinyar ba ta ɗan jin daɗi ne, tana kwance."

"Ayya, Allah shi sawwaƙe. Nan ma ya isa. Ta hito in gan ta."

"Ai ɗakin ga shi nan kusa, taku kaɗan ne..."

"Nan ɗin dai ya yi mini."

Mama ta shigo tana yarfe hannu.

"Ta ƙi shigowa! Oya, tashi ki zumbula hijabi ki ja shi ya rufe fuska, ki fita."

"Mace ta zo ganin fuskata, in fita mata a rufe? Me za ta ɗauka?"

"To fita a buɗe!"

"Mama, rana!"

Rana ce, amma ba ita kaɗai ba. Da safen nan na dubi madubi, abin da na gani ni kaina ya ba ni tsoro. Kumatu sun yi suntum, goshi ya yi jawur, ƙurajen da na je kashewa sun fito sun fi na da. Tsoron rana da kunyar idon tsohuwar suka haɗu suka danne ni a kan gado, na kasa ko motsa ƙafa.

Sau uku Mama tana fita tana roƙon ta ta shigo. Sau uku amsa ɗaya: ta fito in gan ta. Inuwar katangar tana ta janyewa har rana ta hau kan ƙafafunta, amma ko gusawa ba ta yi ba. Matan gidan suka fara fitowa da shanyar da ba su da ita, suna leƙe. Haushi ya kama ni. Wace irin isa ce wannan? Ɗakin namu ne ba ta iya shiga, don muna gidan haya? Ita kuma Allah kaɗai ya san abin da take saƙawa a kaina.

Da aka kusa kiran azahar sai na ji muryar Inna tana yi wa Mama magana, a hankali, babu faɗa a ciki.

"Malama Tani, a kira mini Salissou. Na gode da ruwa. A garinmu dai, in baƙo ya zo ba a hito an tarbe shi ba, ya san matsayinshi."

Salissou ya shigo. Ya dubi tabarma, ya dubi tagarmu. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ɗaga mahaifiyarsa, ya rataya jakarta, suka juya. Mama ta bi su tana ba da haƙuri har bakin ƙofa.

Ina kallo ta kafar labule aurena yana fita daga gidan da ƙafafunsa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na zura hijabi, na bar fuskar a buɗe. In dai gani take so, to ta gani ta huta. Mama ta tare ni a lungu.

"Ina za ki? Nazifa, rana ta take!"

"Ban tarbe ta ba, Mama. Ko rakiya ce bari in yi mata."

Ina fita rana ta mare ni. Wallahi mari ne, ba ni da wata kalmar. Na runtse ido na bi su da sauri, na cim musu a bakin kwata.

"Inna, ina wuni. Ni ce Nazifa. Ki yi haƙuri."

Salissou ya juyo, ya ga fuskata, bakinsa ya buɗe. Na ɗora yatsa a leɓe, na karɓe jakar daga kafaɗarsa.

"Lahiya lau," in ji Inna, ba ta ko juyo ba. "Ashe kina iya tashi."

Daga gidanmu zuwa tashar manyan motocin Arewa ba nisa, amma an haƙe titin ana gyaran kwata, keke ba ya shiga. Da ƙafa muka tafi. Babu inuwa ko ta sandar lantarki. Fuskata ta fara da ƙaiƙayi, ta koma zugi, daga nan sai na ji kamar ana ɗiga mini tafasasshen mai. Masu shago suna bin mu da kallo. Wata mai sayar da lemo ta ce da Yarbanci, "Wayyo, wa ya watsa wa yarinyar nan ruwan zafi?" A karon farko a rayuwata ban tanka ba.

Ina tafe a gefen Inna, ina ta juyo mata da fuskata, ina jiran ta duba. So nake ko tsaki ta yi, ko salati, ko ta ce wani abu. Ko sau ɗaya ba ta kalle ni ba. Idonta yana gaba, kanta a miƙe, ɗanta yana riƙe da hannunta yana cewa, "Sannu Inna, ga rami, sannu ga dutse." Na gwammace zagi da wannan shirun.

Muka isa tasha, Salissou ya zaunar da ita a kan benci a rumfar masu jira. Na ajiye jakar. Na yi niyyar in yi sallama in juya da sauran mutuncina, amma abin ya fi ƙarfina. Na zube a gabanta.

"Inna, ki dube ni mana! Kin ce in fito ki gan ni, ga ni na fito! Ko cewa za ki yi ban dace da ɗanki ba, ki duba tukuna ki faɗa... don Allah ki dube ni!"

 Leɓenta ya ɗan motsa. Salissou ya juya baya ya kama ƙarfen rumfar.

"Matso, ɗiyata," ta ce. "Matso in gan ki."

Sai ta ɗago hannuwanta biyu tana lalube a iska, gefe da inda nake.

 Na dubi idanunta da kyau a karon farko. A buɗe suke, farare tas, masu kyau, amma ba kowa a cikinsu. Na kama hannuwan na ɗora a kumatuna. Zafin taɓawar ya sa na yi ƙara, ita kuma ta janye da sauri.

"Subhanallahi! Wuta ce a huskarki! Salissou, mi ya samu yarinyar ga?"

Nan na faɗa mata komai, ina kuka ina haɗiye rabin maganar. Ƙurajen, da sunan Magogi, da jar fitilar, da gargaɗin likita. Na ce don ita na yi, don kada ta ga abin da zai sa ta hana ni ɗanta.

"Don ni?" ta ce. "Don in gani?"

Ta saki wata dariya da ta fi kuka ciwo, hawaye suka biyo baya.

"Ni da rabona da ganin huskar ɗana tun yana saurayi ɗanye... Ɗakinku da uwarki ke ta kira na, ɗiyata, ban san inda ƙoharshi take ba. In tashi ina lalube gaban surukai, a ce uwar miji makauniya ce? Na zaɓi a ce mini mai girman kai."

Na juya wurin Salissou. "Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Ta sa ni na yi rantsuwa," ya ce, idonsa jawur. "Sati guda muna Isolo wurin ɗan'uwanmu. Asibitin ido na kawo ta, na so a yi aiki ta warke ta zo ta gan ki da idonta. Jiya lokotoro ya ce jijiyar ta mutu, babu abin da za a iya. Shi ne ta ce in maida ta gida." Ya share fuska da hannun riga. "Ke kuma mi ya sa ba ki hwaɗa mini ba? Na taɓa ce miki huskarki ta dame ni?"

 Muka tsaya muna kallon juna, kowa da abin da ya ɓoye a hannu, kuma babu wanda za a iya mayarwa.

Inna ta warware gefen lufayarta tana lalube, ta lulluɓa mini a kai har ya rufe fuskata.

"Maza ka kai ta gida ta inuwa," ta ce. "Mota ta jira ko ta tahi. Kuma ka ce wa ubanta na gan ta."

Da na koma asibiti likitar ta daɗe tana duba ni. Fatar ta tashi, ta yi ruwa, ta bushe. Ƙurajen dai sun ragu, ban ƙi gaskiya ba. Amma rana ta bar mini baƙin tabo a kumatu biyu da goshi, da wani ɗan gurbi a gefen hagu inda ƙunar ta fi ci. Ta ba ni mayuka ta ce wani zai dushe a hankali, wani kuwa sai haƙuri. Har yau ina shafawa, kuma har yau ba na son madubi. Wani lokacin in na tuna cewa kalma ɗaya daga bakina ko bakinsa da ta hana duk wannan, sai in shiga ɗaki in yi kukana in fito.

Bayan babbar salla aka ɗaura auren. Inna ta dawo Agege, wannan karon da sanda a hannunta, ba ta ɓoye wa kowa ba. Ranar da aka kai ni, ɗakin cike yake da 'yan mata, kowa ta sha kwalliya da turare iri ɗaya. Mai kwalliya ta lafta mini hoda don ta rufe tabon. Ƙawayena suka ce za su gwada tsohuwa, suka zauna a jere da ni a bakin gado, kowa ta yi shiru.

"Inna, nemo amaryarki!" in ji ɗaya.

Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana shafa fuska. Ta wuce ta farko, ta wuce ta biyu. Da ta zo kaina yatsanta ya sauka a gurbin nan na hagu, ya tsaya. Ta sa babban yatsa ta goge hodar da ke wurin a hankali.

"Wa ya ce ku ruhe mini shi?" ta ce. "Ga tawa nan. Da wannan nike gane ta."